Ta yaya iyaye za su riƙa sanin halin karatun 'ya'yansu kafin su shiga babbar sakandare?

Ɗan kasuwa, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na tabbata akwai iyaye da yawa a garin Jos da suke cikin irin halin da nake ciki. 'Yata ta fari ta shiga aji uku na ƙaramar sakandare a bana, ƙaninta kuma yana aji ɗaya, amma idan aka tambaye ni yau wane darasi take ganewa, wanne ne yake ba ta wahala, ko kuwa wane ɓangare ne ya dace da ita idan ta haura babbar sakandare, ba ni da amsar da zan tsaya a kanta. Takardu biyu ne kawai suke zuwa gidana daga makaranta, wato ta neman kuɗi a farkon zango da ta sakamako a ƙarshensa, ita kuma ta sakamakon cike take da lambobi da haruffa waɗanda ba a taɓa zaunar da mu an yi mana bayaninsu ba.

Karatuna na boko ya tsaya ne a firamare, mahaifiyarsu kuma allo da Islamiyya ta yi, kuma daga safe har magariba ina kasuwar Katako wajen neman abin da za a ci. Wannan bai sa na ɗauki karatunsu da wasa ba, domin kuɗin makaranta shi ne abu na farko da nake warewa. Na ji wasu maƙwabta suna cewa akwai wata babbar jarrabawa a ƙarshen aji uku wadda da ita ake raba yara zuwa kimiyya da kasuwanci da sauransu, wasu sun ce makaranta ce take zaɓa wa yaro, wasu kuma sun ce uba ne yake faɗar abin da yake so a bi. Ita yarinyar tun tana firamare take cewa aikin jinya take so ta yi.

Don haka nake roƙon malamai da iyayen da suka riga mu wuce wannan mataki su yi mana bayani. Mene ne ya kamata makaranta ta riƙa sanar da mu game da azuzuwa uku na ƙaramar sakandare, kuma a wane lokaci? Ni kuma a matsayina na uban da ba ya jin Turanci sosai, wace hanya zan bi in san gaskiyar halin da karatunta yake ciki tun kafin lokaci ya ƙure?

Malamar lissafi, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri da wannan tambaya, domin a farkon aji uku aka fi buƙatar yin ta. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma zan faɗi abin da na sani daga cikin aji.

Jarrabawar da maƙwabtanka suka ambata gaskiya ce. Sunanta BECE, ana rubuta ta a zango na uku na aji uku, kuma ita ce shaidar kammala karatun matakin farko na shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Iri biyu ce: hukumar NECO, wadda hedikwatarta take Minna, tana shirya tata, wadda makarantun gwamnatin tarayya da wasu makarantun kuɗi suke rubutawa, ma'aikatar ilimi ta jiha kuma tana shirya tata. Abu na farko da za ka tambaya shi ne wacce daga cikinsu makarantar 'yarka take yi wa ɗalibanta rajista, yaushe ake rufe rajistar, kuma nawa ne ainihin kuɗinta.

Game da raba yara kuwa, kowa a cikin maƙwabtanka ya faɗi wani yanki na gaskiya. Babu hanya guda da dukkan makarantu suke bi. Wasu suna duba sakamakon BECE, musamman makin lissafi da kimiyya da Turanci. Wasu suna yin nasu gwajin a makon farko na aji ɗaya na babbar sakandare. Wasu kuma suna barin yara su ɗanɗana darussan kowane ɓangare na ɗan lokaci kafin a raba su. A makarantu da yawa idan uba ya matsa ana bin ra'ayinsa, kuma a ganina wannan ba kullum yake zama alheri ga yaro ba.

Dalilin da ya sa wannan rabo yake da nauyi shi ne, yana ɗaure abin da yaro zai iya nema bayan shekara uku. Ɗalibi yana rubuta darasi 8 ko 9 a jarrabawar kammala babbar sakandare ta WAEC ko NECO, kuma jami'o'i suna neman kiredit 5, wato maki mai kyau a darasi 5, da suka haɗa da Turanci, da lissafi a mafi yawan fannoni, tare da darussan da suka dace da fannin da ake so. Tun da aikin jinya 'yarka take so, to tana buƙatar kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma waɗannan ukun na ƙarshe a ɓangaren kimiyya ake samunsu a haɗe. Wanda yake son aikin lauya yana buƙatar adabin Turanci, wanda yake son aikin injiniya kuma ba makawa sai da lissafi da fiziks da kemistiri. Haka nan jarrabawar JAMB ta neman shiga manyan makarantu darasi 4 ce, Turanci da wasu uku da fannin ya ƙayyade. Sauya ɓangare a aji biyu ko uku na babbar sakandare yana da wahala ƙwarai, domin ban da karatun da ya wuce yaro, makarantu suna tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen cikin zango na ɗalibi a darussan da ya ɗauka, kuma ana haɗa shi da makin babbar jarrabawa.

Yanzu ga abin da zai fi yi maka amfani. Ka tattaro takardun sakamakonta tun daga aji ɗaya, ka shimfiɗa su a jere, ka sa wani amintacce mai karatu ya zauna da kai. Kada ka tsaya a kan ta nawa ta zo a aji, domin yaro yana iya zuwa na uku a ajin da kowa ya yi rauni, yana kuma iya zuwa na ashirin a ajin da ya cika da haziƙai. Ka bi layin lissafi da na kimiyya da na Turanci zango bayan zango, ka ga ko makin yana hawa ne ko yana sauka. Kowane layi yana da gida biyu: makin gwajin cikin zango, wanda yawanci 30 ne ko 40, da makin jarrabawar ƙarshen zango, wanda yake cike sauran zuwa 100. Idan ka ga yarinya tana cin kusan dukkan makin gwaji amma tana faɗuwa a jarrabawa, to akwai alamar ana taya ta aikin gida ko tana kwafa, ko kuma tana haddacewa ba tare da ganewa ba. Idan akasin haka ne, wato jarrabawa ta yi kyau amma gwaji ya yi ƙasa, sau da yawa fashin zuwa makaranta ne ko rashin miƙa aiki.

Sannan kada rashin Turanci ya sa ka ɗauka ba za ka iya gwada ta ba. Ɗan kasuwa ya fi mutane da yawa sanin lissafi. Ka faɗa mata kuɗin da ka sayi buhu da kuɗin da ka sayar, ka ce ta gaya maka ribar kashi nawa ce cikin ɗari. Ka ce ta raba kuɗi tsakanin mutum uku, ɗaya ya ɗauki rabi, ɗaya sulusi, ɗaya abin da ya saura. Waɗannan suna cikin abin da muke koyarwa a aji ɗaya da biyu, kuma ɗalibar da take tuntuɓe a kansu za ta sha wuya a fiziks da kemistiri idan ba a gyara tun yanzu ba. Bayan haka ka ware safiya ɗaya ka je makarantar da kanka, ka nemi malamin ajinta da malamin lissafi, ka ce a nuna maka littattafan aikinta da rajistar kiran suna. Haƙƙinka ne, kuma mafi yawanmu muna jin daɗin ganin uban da ya zo ba don rigima ba.

Tsohon shugaban makaranta, Rikkos

Ɗana mai tambaya, Allah Ya yi wa yaranka albarka. Malama ta yi bayani mai gamsarwa, kuma ban ga abin gyara ba a cikin abin da ta faɗa game da jarrabawa. Inda na ɗan saɓa da ita shi ne, kamar ta ɗora nauyin duka a kan uba: ya tattara takardu, ya nemo mai karanta masa, ya rufe shagonsa ya tafi makaranta. Uba ɗaya mai himma zai yi haka, amma a ajin da yake da ɗalibai masu yawa, sauran iyayen fa? Ni na riƙe makaranta kafin in yi ritaya, kuma ra'ayina shi ne sanar da iyaye aikin makaranta ne kamar yadda koyarwa take aikinta.

Yana da kyau a tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ƙaramar sakandare tun asali. Kafin tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare da 4 a jami'a, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, sakandare shekara 5 ce a dunƙule. An raba ta biyu ne domin shekara ukun farko su zama lokacin da yaro zai taɓa fannoni daban-daban, har da aikin hannu da kasuwanci da noma, malamai su lura da inda baiwarsa take, sannan a ba shi shawara tare da iyayensa kafin ya ci gaba. Saboda haka ne manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a samar da malamin ba da shawara a makarantu. Abin takaici, a makarantu da yawa injinan koyar da fasaha da aka sayo a wancan lokaci sun lalace a cikin akwatunansu saboda rashin ɗakin aiki da wutar lantarki da ƙwararrun malamai, malamin ba da shawara kuma inda ma akwai shi sai a cika shi da koyarwa har ya rasa lokacin ganin yaro ko ɗaya. Daga baya aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta mayar da karatun shekara 9 kyauta kuma dole a makarantun gwamnati. Dokar ta ɗora wa uba alhakin tura ɗansa makaranta har ya gama wannan mataki. To idan an wajabta wa mutum tura ɗansa, ai adalci ne a riƙa gaya masa abin da ake yi da ɗan.

Abin da ya kamata kowace makaranta ta yi ba mai tsada ba ne. A cikin makonnin farko na zango na ɗaya, a kira iyayen 'yan aji uku su kaɗai, ba tare da iyayen sauran azuzuwa ba, a ranar Asabar ko wani lokacin da 'yan kasuwa da ma'aikata za su iya zuwa, kuma a yi alkawari tun a takardar gayyata cewa ba za a yi maganar kuɗin gini ko na bikin yaye ɗalibai ba. A yi bayani da Hausa da Turanci, tun da a Jos aji ɗaya yakan haɗa 'ya'yan ƙabilu da yawa, kuma Hausa ce mafi yawan iyayensu suke ji. A faɗi lokacin rajista da na jarrabawa, a faɗi ƙa'idar da makarantar take bi wajen raba ɓangarori, a kuma faɗi gaskiya game da abin da makarantar take da shi. Idan babu malamin fiziks ko babu ɗakin gwaje-gwaje, a faɗa, domin uba ya san ko zai nemi wata makarantar. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu makarantun kuɗi ba sa son faɗa, saboda tsoron kada a kwashe yara, amma ɓoye shi cin amana ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma uban da bai ji wannan bayani ba sai a watan Satumba na shekara mai zuwa ba shi da sauran zaɓi.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu. Mun sha ganin lokutan da aka rufe makarantu ko aka sa dokar hana fita, yara su yi makonni a gida, idan an dawo kuma sai a ci gaba kamar ba a rasa komai ba. Ya kamata iyaye su tambaya wane ɓangare na manhaja aka tsallake kuma yaushe za a rama shi, domin masu shirya jarrabawa ba za su rage tambayoyi saboda an yi hutun dole a Jos ba.

Shawarata gare ka, ɗana, ita ce ka je kamar yadda Malama ta ce, amma kada ka tafi kai kaɗai. Ka nemi iyaye huɗu ko biyar na 'yan ajin, ku kai buƙatar wannan zama ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai, ko ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makaranta idan ta gwamnati ce. Shugaban makaranta yana iya sallamar mutum ɗaya da kalamai masu daɗi, amma da wuya ya yi haka ga ƙungiya. Ina kuma gargaɗinka da duk wanda zai ce maka kada ka damu, akwai makarantar da ake biyan kuɗi a taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa. JAMB da kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya tun 2015, kuma ɗalibar jinya da ta shiga da sakamakon da ba nata ba, rayukan mutane za a damƙa mata.

Uwar 'ya'ya, Gangare

Baba, Allah Ya ƙara girma. Malam mai tambaya, ina yi maka fatan alheri. Ina so in ƙara abu ɗaya da ban ji an taɓa ba, wato matsayin uwa a cikin wannan sanarwa. Yarana biyu sun wuce wannan mataki, ta ukun tana aji biyu yanzu. Makarantarsu ta buɗe zauren WhatsApp na iyaye, amma lambobin iyaye maza aka saka, kuma da Turanci ake rubuta komai, galibi ma hoton takarda ake ɗauka a turo. Uba yana kasuwa ko wajen aiki, saƙo yana shiga cikin ɗaruruwan saƙonni, sai a wayi gari an wuce ranar da aka sa. Alhali uwa ce take ganin lokacin da yarinya ta dawo, ita ta san ko ta buɗe jaka, ita ta san ranar da ta ce cikinta yana ciwo ba za ta je ba. Da malamin aji zai riƙa turo saƙon murya da Hausa na minti biyu a ƙarshen kowane mako, ya faɗi abin da aka koyar da aikin da aka bayar da ranar gwaji, a kuma saka lambobin iyaye mata, da an magance rabin wannan matsala. Mu da muka nemi haka daga malamar ajin 'yata, ta amince, kuma mun ga bambanci a fili.

Malam, ka shigar da mahaifiyarsu cikin wannan al'amari sosai. Wadda ta yi Islamiyya ta san yadda ake bin hadda da bita, ta san bambancin yaron da ya iya da wanda yake kame-kame. Ba sai ta iya Turanci ba kafin ta buɗe littafi ta ga ko akwai jan biron malami a ciki, ko ta lura cewa an yi mako biyu ba a rubuta komai ba a littafin lissafi.

Sannan a duba lokacin yarinya. 'Yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, musamman ta fari, ita ce mai wanke-wanke da shara da ɗiban ruwa da rainon ƙanne, ga Islamiyya da yamma, wasu ma har da talla. Idan aka lissafa sai a ga ba ta da sa'a ɗaya tata ta karatu. Ban ce a cire ta daga Islamiyya ba, kuma ban ce kada ta koyi aikin gida ba, amma a wannan shekara a raba aikin da ƙannenta, a ware mata lokaci bayan sallar isha'i ko bayan asuba wanda ba mai aikenta. A lokacin sanyin Jos kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yara suna yawan makara, kuma makarantu da yawa da safe suke saka lissafi da Turanci, don haka makarar rabin sa'a a kullum tana cinye darasin da aka fi buƙata. Akwai kuma kwanakin al'ada, waɗanda 'yan mata da yawa suke ƙin zuwa makaranta a cikinsu saboda rashin banɗaki mai kyau ko rashin audugar mata, kuma ba za su faɗa wa uba ba. Wannan magana ce ta uwa da 'yarta, amma kuɗin daga aljihun uba zai fito.

Game da zaɓen ɓangare, ina roƙon iyaye su daina ɗaukar cewa kimiyya ce kaɗai ajin masu ƙoƙari. Ɗana na biyu kasuwanci ya zaɓa, 'yan'uwa suka yi ta surutu, amma a nan hankalinsa ya kwanta, karatunsa kuma ya yi kyau. Idan 'yarka jinya take so kuma makinta ya nuna za ta iya, a taimake ta da duk abin da ake da shi. A kuma yi lissafin nisan makarantar da za ta koma da kuɗin Keke Napep na kullum tun yanzu, domin na ga 'yan matan da wannan kaɗai ya zaunar da su a gida.

Mai aikin lantarki, Dilimi

Gaisuwa ga Baba da Malama da Hajiya. Yayana mai tambaya, tun da kana da ɗa namiji a aji ɗaya, ina so ka san cewa bayan aji uku, ban da ɓangarorin kimiyya da kasuwanci da adabi, akwai hanya ta huɗu wadda makarantu ba su cika faɗa wa iyaye ba, wato kwalejin koyon sana'a da fasaha, irin wadda take Bukuru. Ita ma shekara 3 ake yi bayan ƙaramar sakandare, ana koyon aikin lantarki, gini, kafinta, gyaran mota, walda da makamantansu, tare da Turanci da lissafi da kimiyya, a ƙarshe kuma a rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta kuma tana birnin Benin. Da wannan takarda mutum yana iya rubuta JAMB ya nemi kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta jihar Filato da take Barikin Ladi, ko ma jami'a idan kiredit ɗinsa ya cika. Ta wannan hanya na bi, kuma da ita nake riƙe da iyalina. 'Yan mata ma suna shiga.

Ko a babbar sakandare ta gama-gari, kowane ɗalibi yana ɗaukar darasin sana'a guda. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, ta mayar da tarihin Najeriya dole a matakin farko, ta kuma taƙaita darussan sana'a zuwa 6: haɗa lantarki mai aiki da hasken rana, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Ya kamata uba ya tambayi makaranta wanne take koyarwa, kuma shin akwai kayan aiki ko a allo kawai ake zana su, domin sana'a ba ta shiga hannu da rubutu.

Abu na ƙarshe, bayan an gama BECE yara sukan zauna a gida tsawon watanni kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu a Satumba. A wannan zaman ne yara maza da yawa suke fara bin abokan banza, wasu kuma su ɗanɗana kuɗin aikin yini su ce sun bar makaranta. Tun yanzu a shirya inda yaro zai riƙa zuwa, ko wajen mai sana'a amintacce ko wajen koyon kwamfuta, da sharaɗin cewa idan an buɗe makaranta zai koma.

Ɗan kasuwa, Unguwar Rogo

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da mahaifiyarsu da ɗan maƙwabcinmu da yake karatu a Jami'ar Jos, mun bi takardun kamar yadda Malama ta ce. Turanci da kimiyya suna tafiya daidai, amma lissafi ya fara sauka tun zango na biyu na aji biyu, kuma bai farfaɗo ba. Malama, shin wannan yana nufin a haƙura da maganar jinya, ko akwai abin da za a iya yi a cikin watannin da suka rage? Sannan mun lura cewa a takardar haihuwarta sunana ne yake bin nata, a takardun makaranta kuma sunan kakanta aka rubuta. Shin wannan zai kawo matsala?

Malamar lissafi, Bukuru

Malam, kada a haƙura. Saukar da ta fara a tsakiyar aji biyu abu ne da muke yawan gani, domin a nan ne lissafin haruffa yake ƙara zurfi, kuma duk ɗalibin da bai riƙe lissafin ɓangarori, irin su rabi da sulusi, da lambobin da suke ƙasa da sifiri da kyau ba sai ya fara ɓacewa. Tun da kimiyyarta tana da kyau, da alama giɓi ne a wuri ɗaya ko biyu, ba rashin basira ba. Ka roƙi malamin lissafinta ya duba takardun jarrabawarta na baya ya gaya maka ainihin babin da take faɗuwa a kai, sannan a samu wanda zai riƙa zama da ita sau uku a mako a kan waɗannan babuka kaɗai, ko da ɗan maƙwabcin nan ne, maimakon a saka ta a darasin yamma mai cunkoso inda za a maimaita abin da aka yi da safe. Ka saya mata littafin tambayoyin BECE na shekarun baya, ana samunsa a shagunan littattafai na cikin gari, ta riƙa yin aikin da hannunta ana duba mata. Makin ƙarshen zango na biyu zai nuna maka ko ana samun ci gaba, kuma a lokacin ne ya dace ku zauna da ita da malamanta a yanke shawara.

Maganar suna kuwa, a gyara ta kafin a yi rajistar BECE. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma idan sunan da yake kan lambar ya saɓa da wanda yake kan sakamakon WAEC ko NECO, gyaran yana cin kuɗi da lokaci, har yakan sa ɗalibi ya rasa gurbin karatu na shekarar. Ku tsayar da suna ɗaya, da jerinsa da yadda ake rubuta kowane harafi da ranar haihuwa, bisa abin da yake kan takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Ka kai wa makaranta kwafin takardar tare da buƙata a rubuce cewa a gyara rajistarsu, idan ba ta da NIN kuma a yi mata da wannan sunan. Ranar da za a cike fom ɗin jarrabawa, ka nemi a nuna maka shi kafin a tura, ka sa a karanta maka harafi bayan harafi. Ka duba takardun ƙanin nata ma a tafiya ɗaya, tun yana aji ɗaya.